Baƙin Hasumiyar Gabas

Iddir bai taɓa yin da-na-sanin barin gidan kakansa ba. Baƙi suna son su ji ya yi, don haka idan suka tambaye shi yakan sunkuyar da kai ya ja dogon numfashi, su kuwa su dafa kafaɗarsa. Gaskiyar magana, ranar da suka kwashe kayansu daga kasba suka koma gidan siminti a tsallaken rafi, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana goye. Babu ƙasa mai zubo masa a ido daga azara, babu tara kwanuka saboda yoyo, babu zazzage takalmi da safe don gudun kunama.

Kasbar, wato tsohon gidan, dai ta isa kallo. Ginin jar ƙasa ne mai hasumiya huɗu a kan tudu, ya ba duwatsu baya yana kallon gonakin wardi na kwarin Dades. Kakan kakan Iddir ya gina shi don ya hana mutane shiga. Yanzu kamfanin da ya karɓe shi haya ya mayar da shi otal, yana yawo da hotonsa a ƙasashen duniya yana roƙon mutane su shigo. Rumbun sha'ir ya zama ɗakin cin abinci. Bargar alfadarai ta zama wurin hutawa mai kujerun fata. Kurkukun da ke ƙarƙashin zaure, inda a da ake jefa wanda ya karkatar da ruwan gonar wani a lallasa shi, nan ake kwantar da Turawa a shafe su da mai a murje su, su fito suna godiya.

Shi kuwa Iddir, jikan masu gida, aikinsa tarbar baƙi. Yana tsayawa a bakin babbar ƙofa da farar alkyabba da rawani da wuƙar azurfa a kwiɓi, wuƙar da ko tumatir ba ta taɓa yankawa ba, ya miƙa wa mai isowa dabino da madara. Ya haye hamsin, tumbi ya yi gaba, gwiwa ta ja baya. Irinmu da muka kai nan mun san darajar aikin da ba ya neman komai a wurin mutum sai tsayuwa a inuwa da murmushi.

Abu ɗaya mahaifiyarsa, Lalla Ittu, ta kafe a kai lokacin da ake maganar haya, shi ne ɗakin hasumiyar gabas. A nan ake sa wa kowace 'yar gidan lalle idan za ta yi aure. Ta zauna a kan sirdin alfadari, mata su kewaye ta da waƙa, in an gama ta tashi ta danna tafin hannunta a bangon bayan ƙofa. Tafukan suna nan jere, wasu sun dushe sai an ƙura ido, na ƙarshe na ƙanwar Iddir ne. Kamfani ya amince: duk ranar da 'yar gida za ta yi aure, ɗakin na gida ne. Sauran kwanakin shekara kuwa shi ne ɗakin da ya fi kowane tsada, har da bahon wanka na tagulla a kusurwar da a da ake ajiye tulun man zaitun.

To, bana auren Tuda ya zo, 'yar Iddir, wadda ke aikin harhaɗa magani a birnin Warzazat. Ita ta zaɓi mijinta, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ita kuma ta yi wa bikin aski yadda take so. Ta ce a bar alfadari ya huta, mota za ta kai ta. Ta ce makaɗa su tashi da wuri, mutane suna da aiki. Amma bango, ta ce, ko za a fasa komai ba za a fasa bango ba. An tsayar da Alhamis ranar lalle. Gizlan, 'yar Kazablanka da ke shugabantar otal ɗin, ta tsara komai tun da wuri: baƙin da ke ɗakin za su tashi ranar Talata, a share, a shigo da sirdi.

Baƙin wasu tsofaffi ne daga Beljiyam, Arman da matarsa Odil. Ranar Lahadi da hantsi Arman ya tarar da Iddir a bakin ƙofa, ya cire hularsa, ya ce masa da Faransanci matarsa ta yi shekaru ba ta samu barci irin na ɗakin nan ba. Ko zai yiwu su ƙara mako guda?

Kafin kan Iddir ya ji tambayar, hannunsa ya riga ya kai ƙirji.

"Gidanku ne," in ji shi. "Ku zauna har ku gaji da mu."

A kwarinmu haka ake amsawa, babu wata amsa. Amma ɗan kwarinmu ya san rabonsa na maganar: zai ce Allah ya raya gida, ya ce akwai shuka da ke jiransa, gobe zai kama hanya. Kowa ya fita da mutuncinsa, ɗaki kuma ya zama fanko. Arman bai san yana da rabo ba. Ya kama hannun Iddir da hannu biyu ya girgiza, ya hau sama da sauri ya kai wa matarsa albishir.

Gizlan ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur a hankali lokacin da Iddir ya gaya mata.

"Si Iddir, kai da kanka ka ba da ɗakin? A makon bikin 'yarka?"

"Ba ni ba ne. Bakina ne."

"To ka aiki bakin naka ya je ya karɓo."

Ta ce abin bai kai a tada hankali ba. Mutanen kirki ne, za ta kira su yanzu ta ce an yi kuskure. Otal ɗin a cike yake saboda lokacin tsinkar wardi, amma za ta nema musu ɗaki mai kyau a cikin gari, ta ba su haƙuri, magana ta ƙare. Ta miƙa hannu ga waya. Iddir ya ɗora tafinsa a kan wayar. Ya ce a ƙarƙashin ƙofar kakansa ya yi maganar, hannunsa a ƙirji, ga masu shara suna ji. Idan aka kira baƙo aka ce ya tashi, kafin azahar labari ya kai kasuwa, kuma ba sunan kamfani za a kira ba. Gizlan ta dube shi kamar mai duba takardar likita, ta mayar da tabaranta, ta ce ta ba shi zuwa Laraba.

Iddir ya samu mahaifiyarsa a tsakar gidan siminti tana baza furen wardi a kan tabarma ya bushe. Ta saurare shi ba ta ɗago kai ba. Ta ce a gidan nan ba a taɓa ce wa baƙo ya tashi ba. A zamanin surukinta wani ya zo da niyyar kashe mai gida, kowa ya sani, aka yanka masa rago, ya ci ya sha har ya ji kunya ya tafi da kansa. Ta kuma ce ranar Alhamis Tuda za ta zauna a kan sirdi a ɗakin gabas. Iddir ya tambaye ta yaya za a haɗa waɗannan biyun.

"Da kai a wuyanka na haife ka," in ji ta. "Na duba a lokacin."

Ba a ce wa baƙo ya tafi, amma kakanninmu ba wawaye ba ne, sun bar mana hanyoyi. Iddir ya fara da mafi sauƙi. Da la'asar ya hau da tiren shayi da kansa, ya zuba musu zagaye na farko da na biyu yadda ya kamata, na uku kuwa ya bar shi ba sabon na'a-na'a, ba sukari. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a gefen rafin nan, yana kurɓar wannan zai fara neman sandarsa. Odil ta lumshe ido ta ce sai yau aka dafa shayin da likitanta zai yarda da shi, ta roƙi a riƙa yi musu irinsa.

Washegari da safe ya ga takalmansu a bakin ƙofa, ya juya su suna fuskantar matattakala. Wannan magana ce mai nauyi, ya yi ta yana waige. Da ya dawo da rana ya tarar sun ƙara fito da wasu takalman, har da na hawan dutse, sun jera a layi. Sun ɗauka gogewa ake yi. Ya zauna a matattakala da tsumma ya goge su tas, don ba a barin takalmin baƙo da ƙura.

Ya koma yabon hanya. Ya ba Arman labarin kwazazzabon Todga, inda duwatsu suka tsaya kamar za su haɗe a sama, da rairayin Marzuga, da yadda wannan makon ya fi kowane daɗin tafiya, ba zafi ba sanyi, wanda ya bari ya wuce ya yi asara. Arman ya ce sun ga duk wannan suna matasa. Ya ce a shekarunsu mutum ba ya neman abin kallo, wurin zama yake nema, kuma albarkacin Iddir sun samu. Iddir ya ce Allah ya sa albarka.

Saura hanya ɗaya, wadda ba a kai gare ta sai an ƙure. Ranar Talata da sassafe ya sa matarsa ta gasa burodin sha'ir, ya haɗa da dabino da dafaffen ƙwai da gasasshen almon mai kama da gyaɗa da ɗan gishiri a takarda, ya ƙulle a farin ƙyalle. Guzuri ke nan. Wanda aka miƙa wa guzuri ya san an yi sallama da shi, ko da bai yi niyyar tafiya ba. Iddir ya miƙa wa Arman ƙunshin da hannu biyu, idonsa a ƙasa don kunya. Bayan ɗan lokaci ya ga tsofaffin sun fito da huluna da sanduna, ƙunshin a hannu, sun bi hanyar rafi. Ya yi hamdala, ya fara tunanin wa zai aika ya sauko da akwatunansu.

Da yamma suka dawo, fuska ta yi ja, Odil da furen wardi a hula. Sun zauna a ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure sun cinye komai. Ta miƙa wa Iddir ƙyallen a ninke, ta ce a duk yawon da suka yi a duniya babu otal ɗin da ya taɓa tuna musu da gishirin ƙwai. Ko gobe ma za a samu?

Ranar Laraba Tuda ta iso daga Warzazat da akwatin kayan biki. Ba ta kai ga cire takalmi ba labari ya iske ta, don a gidan biki magana ba ta kwana. Ta samu ubanta a zauren kasba cikin kayan aikinsa, ta tsaya tana kallonsa daga rawani har ƙasa.

"Baba, an ce ka kori mutane har sun yi ƙiba."

"Ana kan magana, 'yata."

"Wace magana? An ce takalminsu ka goge."

Ya ce ita yarinya ce, ba ta san yadda ake bi da irin wannan ba. Ta ce ta san yadda ake gaya wa mutum maganinsa ya ƙare, kullum tana yi, babu wanda ya taɓa suma. Idan ba zai iya ba, ita za ta hau. Daga nan muryarta ta sauka. Ta ce tun tana ƙarama take auna hannunta da na gwaggonta a bangon nan, ta san ma gurbin da za ta sa nata. Iddir ya gyara zaman wuƙarsa, ya ce ta ba shi zuwa la'asar.

Matattakalar hasumiyar gabas an yi ta ne don mutum ɗaya da bindiga ya tare runduna, ba don mai tumbi ba. Yana hawa yana shirya maganar. Gajeriya ce, ya maimaita ta da Faransanci har ta zauna: an yi kuskure, ana bukatar ɗakin, a yi haƙuri. Ya ƙwanƙwasa. Odil tana saƙa a bakin taga, Arman ya miƙe ƙafa a kan darduma yana karatu. Suka yi murna da ganinsa, suka ba shi wurin zama a ɗakin da kakarsa ta yi jego. Iddir ya gyara murya, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana gayyatarsu bikin 'yarsa.

Odil ta ajiye saƙa. Ta ce ba su san yana da 'ya ba, ta tambayi sunanta da aikinta da ko mijin yana da kirki. Ta tambayi yadda ake yi. Ya ce gobe lalle, na mata ne zalla, jibi a kai amarya. Ta tambayi inda ake sa lallen.

"A ɗakin da aka saba," in ji Iddir.

Bai yi niyyar duban bangon ba, idonsa ne ya tafi, kamar yadda bakinsa ya yi ranar Lahadi. Odil ta bi idon nasa. Ta tashi ta tura ƙofar ta rufe don bangon ya fito sosai, ta tsaya a gabansa. Ta ce ta ɗauka wani mai zane kamfani ya ɗauko ya yi wannan ado. Ta nuna wani tafi ƙarami da ya kusa gogewa ta ce na wa ne. Ya ce na wata gwaggon mahaifinsa. Ta nuna na ƙarshe, ya ce na ƙanwarsa. Ta dubi farin gurbin da ke gefensa, ba ta tambaya ba.

"Tun yaushe ka san ana bukatar ɗakin?"

"Tun kafin in ce gidanku ne."

Arman ya sauke littafinsa a hankali. Ya ce, takalman nan fa? Iddir ya dubi azara. Shayin fa? Ƙunshin abincin fa? Iddir ya ci gaba da nazarin azara kamar shi ya jera ta. Arman ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa tana bubbuga bayansa tana ce masa ya ji kunya, sun cinye sallamar mutane har da gishiri. Nan take ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fara zuba kaya. Ta ce kafin magariba sun bar ɗakin, ko a mota za su kwana.

Iddir ya sauko. Bai ce kowa ya tafi ba, ko alƙali zai shaide shi, amma ga baƙi suna haɗa kaya. Ya aika wa mahaifiyarsa cewa an samu ɗaki. Bai yi tsammanin amsar za ta zo da ƙafarta ba. Lalla Ittu, wadda rabonta da kasba tun ranar da ta fita, ta tsallako rafi da sandarta, ta ratsa Turawan da ke shan inuwa a tsakar gida ba ta dubi kowa ba, ta hau hasumiya tana hutawa a kowace kwana tana tsine wa wanda ya gina ta. Ta shiga ɗakin, ta dubi bahon tagulla ta taɓe baki, ta zauna daram a kan akwatin Odil.

Ba ta jin Faransanci, su ba sa jin harshenmu, sai Iddir ya tsaya a tsakiya yana tafinta. Ta ce a gaya wa matar ta mayar da kayanta, babu inda za ta. Lalle na mata ne, ita kuma mace ce, ɗakin yana da faɗi, a da mata arba'in suna shiga har da goyo. Za ta zauna kusa da amarya, a sa mata a hannu ita ma. Odil ta fara cewa ba ta son ta takura wa kowa, tsohuwar ta ɗaga tafi, maganar ta mutu ba sai an fassara ba. Namijin kuwa, ta ce, shi zai fita, kuma wannan ba kora ba ce. Ranar lalle ko mai gidan da ya gina hasumiyar waje yake kwana.

Iddir ya tambaya cikin ladabi ina za a kai shi, tunda otal a cike yake.

"Ɗakinka."

"Ni kuma fa, Inna?"

"Kai ka ba da gida," in ji ta. "Ka nemi wanda zai ce maka gidanka ne."

Haka aka yi. Arman ya tsallaka rafi da burushin haƙori da rigar barci, ya kwanta a kan katifar Iddir a ƙarƙashin fanka. Iddir ya samu gefen tabarma a falo, tsakanin wani kawun matarsa mai minshari da buhunan kuskus.

Ranar Alhamis bayan azahar mata suka fara hawa hasumiya, tsofaffi a gaba, da kwanukan lalle da turaren wuta da ganguna, wasu biyu suna kokawa da sirdi a kwanar matattakala. Gizlan ta zo ta tsaya a ƙasa da niyyar ta tabbatar ba a ɓata darduma ba, wata gwaggo ta kama hannunta, aka ga takalmanta masu tsini a ajiye a gindin bene. Maza aka bar su a tsakar gida. An ara wa Arman jallabiyar da ta tsaya masa a ƙwauri, an ajiye tire a gabansu shi da Iddir, an ce su ɓare almon, don a gidan biki ba a barin hannu zaune. Arman yana ɓarewa da natsuwar mai gyaran agogo. Iddir yana ɓare biyu ya ci ɗaya, yana dafe da ƙugunsa da tabarma ta ƙulle.

Waƙa ta daɗe tana saukowa daga sama. Can ta tsaya, aka yi shiru har ana jin kukan tantabaru a kan ganuwa. Sai guɗa ta tashi, ta mata da yawa, a cikinta akwai wata siririya da ta karkace wadda ba ta kwarinmu ba ce. Arman ya ɗaga kai ya ce wannan matarsa ce, ya san muryar.

Wani hannu ya fito ta siririyar tagar da a da ake leƙo bindiga, jiƙe da lalle har wuyan hannu, yana kaɗawa.

"Baba! An yi!" Tuda ce. "Kuma an wanke kwanuka a bahon tagulla, ya rine. Gizlan ta ce kai za ka goge, tunda ka iya guga."

Mazan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Arman ya karkato ya tambayi abin da ta ce.

"Tana gaishe ka," in ji Iddir, ya tura masa tiren ya ci gaba.